Ki Nemi Mai Hotonki Tun Kafin A Sa Ki A Lalle

  

Yau ina so mu yi magana a kan wani abu da muke yawan bari sai lokaci ya ƙure, daga baya a zo ana cizon yatsa. Da zarar an sa ranar yarinya za ku ga gida ya ɗauki harama. Uwa tana lissafin kayan ɗaki, gwaggo tana sintiri wurin kafinta don duba gado, ƙawaye suna gardama a kan launin anko, ita kuwa amarya tana kai da kawowa tsakanin tela da mai kitso. Kowane abu da mai kula da shi. Amma in kika tambaya wa zai ɗauki hoto, sai a ce miki, "Ai wannan ba wuya, ko ana gobe biki sai a kira wani." To, ga shi kuwa abinci a ranar ake cinye shi, anko kafin shekara ta zagayo ya koɗe, kujeru ma wata rana sai an sake su. Hoton nan da aka raina shi ne zai kai ga jikoki.

Abin da ya sa na ɗauko wannan magana a gidanmu ya faru. Bara aka yi bikin ƙanwata. Wani abokin ango ya ce yana da yaro mai hoto, kuma zai yi mana rangwame. Da jin rangwame kowa ya ce madalla, ba wanda ya ce a kawo aikinsa a gani, har da ni da nake taƙama da ilmi. Yaron ya zo, ya yi ta ƙyasta kyamara kwana uku. Bayan mun yi wata uku muna binsa kamar masu bin bashi, ya kawo albam. Ba zan yi masa ƙarya ba, albam ya yi kyau. Ga amarya a zaune, ga ta a tsaye, ga ta da ƙawaye, ga ƙawaye su kaɗai, ga takalmi, ga jaka, har kek an ɗauke shi ta fuska huɗu. Amma kakarmu, wadda ta taso tun daga ƙauye a kan wannan biki, ta zauna bisa tabarma a ɗakin mahaifiyarmu kwana uku cur, ita ce kuma ta dafa kan amarya ta yi mata nasiha daren da za a kai ta, babu hotonta ko guda. Mun bincika albam daga bango zuwa bango, abin da muka samu shi ne gefen zanenta a bayan wata ƙawar amarya. Da damina ta faɗi Allah ya yi mata rasuwa. Allah ya jiƙanta.

Na daɗe ina jin haushin yaron nan. Daga baya da na zauna na yi tunani, sai na ga rabin laifin namu ne. Bai san ta ba. Ya ga wata tsohuwa a lungu tana jan carbi, ba wanda ya kama hannunsa ya ce masa wannan ita ce tushen gidan. Shi kuma, da yake yaro ne, inda 'yan mata suke nan idonsa yake.

Kafin in shiga shawarwari bari in ɗan koma baya, domin akwai darasi a wurin na da. Shi hoto ba wani daɗaɗɗen abu ba ne. A shekarar 1839 ne aka bayyana wa jama'a hanyar ɗaukarsa a birnin Faris na ƙasar Faransa, hanyar da wani mutum mai suna Louis Daguerre ya fito da ita. A farkon al'amarin sai mutum ya zauna ƙyam na tsawon lokaci, har akan tokare masa ƙeya da wani ƙarfe don kada kai ya motsa. A 1888 George Eastman na Amurka ya fito da kyamarar Kodak wadda kowa zai iya riƙewa ya ɗauka da kansa. A nan Nijeriya kuwa, tun kafin shekarar 1900 akwai ɗan ƙasa da ya ƙware a sana'ar, watau Jonathan Adagogo Green, mutumin Bonny, wanda ya ɗauki hoton Sarkin Benin Ovonramwen a 1897 bayan Turawa sun tuɓe shi.

Amma wanda labarinsa ya fi burge ni shi ne Seydou Keïta na Bamako a ƙasar Mali, wanda ya buɗe shagonsa a 1948. A tsakar gida yake aiki, da hasken rana, ya rataya zane mai ado a bayan mutum. Yana ajiye rediyo da agogo da keke da babur don wanda yake so a ɗauke shi da su. Fim yana da tsada a lokacin, saboda haka yawanci sau ɗaya tak yake ƙyastawa. Kafin ya ƙyasta kuwa sai ya gyara wa mace zamanta, ya daidaita mata hannu, ya baza mata zane yadda adonsa zai fito, ya juya fuskarta inda haske ya fi. Ya rasu a 2001, amma har yau in kika ga hotunan nan sai ki rantse matan za su buɗe baki su gaishe ki. Iyayenmu ma da aka yi bikinsu a zamanin fim, ƙwaya 24 ko 36 ne a cikin naɗi guda, don haka mai hoto ba ya ɓarna, sai ya tambaya wa da wa za a ɗauka. Yanzu kati ɗaya yana cin hoto dubbai, ga shi kuma an bar tsohuwa a lungu. Yawan hoto dabam, sanin abin ɗauka dabam.

To, yaya za ki gane mai hoton kirki?

Abu na fari, kada ki yarda da 'yan hotuna biyar ko goma da ya zaɓa ya sa a Instagram ko ya liƙa a ƙofar shago. Kowane ɗan kasuwa mai kyau yake sawa a saman kwando. Ki ce ya nuna miki aikin biki guda cikakke, tun daga kamu har zuwa kai amarya, bayan ya nemi izinin masu shi. In kin samu, ki zauna ki duba a tsanake kamar mai duba takardar jarrabawa. Hotunan dare sun fito ko sun yi duhu? Na cikin ɗaki fa? A hoton taro an yanke kan wani ko ƙafar wani? Tsofaffi da yara suna ciki, ko kuwa 'yan mata ne kawai? Akwai inda aka kama mutane suna dariya ko hawaye ba tare da sun shirya ba, ko duk a jere suke kamar 'yan fareti? In ya yi ta kwana-kwana ya ƙi nuna miki cikakken aiki, ya riga ya ba ki amsa.

Sa'an nan ki lura da launin fata, domin nan ne da yawa suke faɗuwa. Wannan matsala ta daɗe. Shekaru da dama kamfanin Kodak yana raba wa masu wanke hoto wani kati mai ɗauke da hoton Baturiya, da shi ake daidaita launi a injin wanki, sai wajen shekarun 1990 aka fito da mai ɗauke da mata masu launi dabam-dabam. Shi ya sa a tsofaffin hotuna masu launi za ki ga baƙin mutum ya zama inuwa, sai haƙora da idanu. Kyamarorin yanzu sun fi na da nesa ba kusa ba, amma har yanzu kyamara takan ruɗe in fari ya yi yawa a gabanta. In ango da abokansa suka sha farar shadda suka tsaya a rana, sai ta rage haske don ta daidaita farin, fuskoki kuwa su dushe. Gwani ya san wannan, yakan gyara tun kafin ya ƙyasta. Wanda bai ƙware ba sai ya koma kwamfuta ya yi ta ƙara haske har riga ta zama kamar takarda, aikin wuyan da aka biya kuɗi aka yi ya ɓace.

Akwai kuma wata sabuwar ɓarna, ita ce ta goge amarya a kwamfuta har ta tashi daga kamanninta. Na taɓa ganin albam ɗin wata abokiyar aikina, baƙa ce kyakkyawa mai tsagar gado a kumatu. A cikin hoton ta zama fara sol, tsagar ta tafi, hanci ya ƙara tsawo. Ɗanta na fari da ya fara wayo aka nuna masa aka ce ina Mama, sai ya nuna wata ƙawa. Mun yi dariya, amma ita ba ta yi ba. Ki gaya wa mai hoto tun da wuri cewa ya cire ƙurji in ya fito ranar biki, ya rage maiƙon goshi, amma ya bar miki fuskar da Allah ya ba ki. Mai kwalliya ita ma a ja mata kunne. Hoda mai fari da yawa takan mai da hasken fitilar kyamara baya, sai fuska ta fito fari fat kamar an shafa toka, wuya kuwa yana nan da launinsa. In da hali a gwada kwalliyar kwana biyu kafin biki, a ɗauki hoto da fitila da dare, a gani.

Maganar haske ba ta ƙare ba. Rana tsaka ita ce mafi munin lokacin hoto, domin haske yana sauka daga bisa, sai inuwa ta kwanta a ƙarƙashin ido da hanci, mutane kuma su yi ta runtse ido suna gumi. Hantsi da la'asar sakaliya su ne lokacin da fuska ke fitowa da taushi. Ga shi kuwa ɗaurin aure yawanci bayan sallar Juma'a ake yi ko kuwa da rana ta ɗaga ran Asabar. Ba za a sake lokacin ɗaurin aure saboda hoto ba, amma mai hoto mai hankali zai ja mutane gindin bishiya ko ƙarƙashin rumfa. Ɗakunanmu na cikin gida kuma da yawa taga ƙarama gare su, in aka ɗauke wuta sai duhu. Ki tambaye shi ko yana da fitila tasa mai batir, kada ya dogara da janaretan maƙwabta.

Tun da na ambaci ɗaurin aure, ku tuna abu ne na 'yan mintoci. Wakilin ango ya nema, waliyyi ya bayar, a ambaci sadaki, shaidu su shaida, a shafa Fatiha, a raba goro da alewa, shi ke nan jama'a sun watse. Mai hoton da ya makara da rubu'in awa sai dai ya ɗauki tabarmi. Ita amarya kuwa tana cikin gida, ba ta ga ko ɗaya daga cikin wannan ba, sai abin da hoto ya nuna mata. Don haka a gaya masa ya riga kowa zuwa. In a masallaci za a yi, wani namiji daga cikin dangi ya tambayi liman tukuna ko an yarda a ɗauki hoto a ciki, domin wani wuri ana bari wani wuri ba a bari. Haka nan a cikin dangi akwai waɗanda ba su son a ɗauke su sam, wasu saboda fahimtarsu ta addini, wasu don kunya. A nuna wa mai hoto su tun farko, a kuma mutunta ra'ayinsu. Ba a yin dole a hoto.

Yanzu bari mu zo kan abin da ya fi damuna, wanda kuma ya fi shafar ku matan aure. Kamu da sa lalle da yinin biki sha'ani ne na mata. A nan mace takan ajiye mayafi, ta ɗaura ɗankwali yadda take so, in an buga ta taka, domin ta san tsakanin 'yan'uwanta take. Sai ga wani saurayi da ba muharraminta ba yana yawo a tsakiyar fili da kyamara, bayan mako guda kuma bidiyon ya bayyana a wayar duk garin. Na san gidan da aka kai ruwa rana a kan irin wannan, har sai da iyaye suka sa baki kafin matar ta koma ɗakinta, alhali ita ba ta ma san an ɗauke ta ba. Biki ta je taya murna.

Maganin wannan kashi biyu ne. Na ɗaya, a nemi mace mai hoto don shagalin mata, namiji ya tsaya wajen ɗaurin aure da walimar maza. Da can in an faɗi haka sai a ce ina za a same ta, amma yanzu a manyan garuruwanmu akwai mata da suka riƙi kyamara sana'a. Ku 'yan makaranta ku dubi Fati Abubakar ta Maiduguri. Aikin jinya ta fara karanta, amma daga 2015 ta shiga ɗaukar hotunan rayuwar yau da kullum ta mutanen Borno, ta sa wa aikin suna Bits of Borno, har manyan jaridun duniya suka buga labarinta. Wadda duk take da sha'awa a cikinku, ga sana'a nan da mata 'yan'uwanta suke nema ido rufe, kuma ba ta hana karatu.

Na biyu, a yi magana a fili a kan wa ke da ikon baza hoton. Masu hoto da yawa suna ɗauka cewa da yake su suka ƙyasta, suna da damar sa amarya a shafinsu don talla. Shi Seydou Keïta da na ba ku labari ya adana fina-finan hotunansa dubbai, kuma a shekarun 1990 aka wanke su manya-manya aka rataye a gidajen nuni na Turai da Amurka. Abin alfahari ne ga Afirka, ban musa ba. Amma nakan yi tunanin matan nan na Bamako da suka je a ɗauke su don su aika wa dangi, ko akwai wadda ta taɓa zaton baƙi za su tsaya suna kallonta a wata ƙasa? A yau abin ba ya jiran shekara arba'in, daƙiƙa guda ya isa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ba wanda ya sa aka ɗauki hoto ko bidiyo don amfanin kansa da iyalinsa ikon hana a baza shi ga jama'a, sai fa in an yi wata yarjejeniya dabam tsakaninsu. Ku lura da wannan "sai fa" ɗin. In ya kawo takarda ya ce ki sa hannu, ki karanta, kada a ce a ciki kin yarda ya yi talla da ke. In ba ki iya Turancin ba ki ba wanda ya iya. In kuma kin yarda ya sa naki, wannan bai ba shi izinin sa na baƙinki ba.

Wani abu kuma da bidiyo ya jawo, wanda da yawa ba su sani ba. Dokar Babban Bankin Nijeriya ta 2007 ta hana watsa takardun naira da tattaka su a wurin biki, hukuncin kuwa ɗaurin aƙalla wata shida ne ko tarar aƙalla naira 50,000, ko duka biyun. An daɗe ba a kula ba, amma a 2024 an gurfanar da wasu sanannun mutane a kotu a Legas a kan haka, kuma bidiyon biki ne ya zama shaida. Masu liƙi sai a yi hattara, a sa a faranti ko a ambulan.

Sai maganar kuɗi. Ba zan faɗi farashi ba, domin na Kano dabam da na Gusau, na bana kuma dabam da na bara. Abin da zan ce shi ne, duk abin da aka shirya a rubuta, ko a takardar littafin makaranta ne, kowa ya sa hannu, a sami shaida guda daga kowane gefe. Mu Hausawa muna jin nauyin wannan, sai mu ce ai ɗan gidan wane ne, ba zai ci amana ba. Ba zargi ba ne, mantuwa ake gudu. A rubuta ranaku da wurare da lokacin zuwa. A rubuta hoto nawa za a wanke, albam mai shafi nawa, na bango guda nawa, bidiyo yana ciki ko kuɗinsa dabam. In za a kai amarya wani gari, a ce daga Katsina zuwa Maraɗi ko daga Kano zuwa Damagaram, a san wa zai biya masa mota da masauki. A rubuta ranar da zai kawo aiki. Kafin alƙalami kuwa kada ya wuce rabi, sauran sai albam ya shigo hannu, kuma a karɓi rasit. Mu da muka biya duka tun ranar kamu, ai kun ji yadda muka yi wata uku muna safa da marwa.

Tambaya guda da ba a cika yi ba, kuma ita ce uwar tambayoyi: kai da kanka za ka zo, ko yaronka za ka aiko? A lokacin da bukukuwa suka yi yawa, kamar hutun Disamba da kuma makonnin da ke gaban azumi, mai hoto ɗaya yakan karɓi biki biyu ko uku a rana guda. Aikin maigida aka nuna miki kika yaba, ranar biki sai ga almajirinsa da bai fi wata shida da fara koyo ba. In yaro zai aiko, to, aikin yaron za ki gani, kuɗin yaron kuma za ki biya. Ki kuma tambaya ko yana da kyamara ta biyu in ta farko ta ƙi, da batir na ajiya. Akwai kyamarori masu cin kati biyu, duk hoton da aka ɗauka yana shiga duka biyun lokaci guda, in ɗaya ya lalace ɗaya na nan. Wanda yake da irin wannan ya fi kwanciyar rai, domin biki ba a maimaita shi.

Kada in manta da 'yan cusa kai, waɗanda ba wanda ya gayyace su. Kun san su. Za su shigo da kyamara a wuya, su yi ta ɗaukar baƙi, su ruga su wanke, kafin a tashi sun baza hotuna a bakin ƙofa suna sayarwa. Baƙuwa takan ɗauka masu biki ne suka kawo su. Wadda ta saya ta saya, wadda ba ta saya ba kuwa hotonta yana hannun wanda ba ta sani ba, wani lokaci ma a nan ƙasa za a watsar da shi a tattake. A sa wani tsayayyen namiji a ƙofa, ya san mai hoton gida, saura ya sallame su da girma da arziki.

'Yan matana na makaranta, ga taku. Wannan yayi na hoton kafin biki, inda saurayi da budurwa za su sha ado iri ɗaya su je lambu ko shago a ɗauke su, a buga a kalanda da littafin rubutu da jaka da bokiti, ku yi tunani a kansa tun kafin lokacinku ya zo. Sa rana ba ɗaurin aure ba ne. Sau nawa aka kai lefe aka dawo da shi? In abin ya watse, shi namiji ya kaɗe rigarsa, ke kuwa hotonki kafaɗa da kafaɗa da shi yana wayar mutum ɗari. Ko auren ya tabbata ma, ku dubi inda kalandar take ƙarewa. Ran nan na sayi ƙosai a bakin makarantarmu, da na buɗe takardar sai ga rabin fuskar wata amarya, mai ya jiƙa ta sharkaf. A ajina ma akwai yarinyar da take rubuta lissafi a littafi mai hoton ango da amarya waɗanda na san aurensu ya daɗe da mutuwa. In ana son rabon kaya, a rubuta suna da kwanan wata da addu'a, ya wadatar. In kuma lalle sai an yi hoton, a bari sai an shafa Fatiha.

To, mu koma kan kakata. Abin da ya kamata mu yi, wanda nake roƙon kowace uwar biki ta yi, shi ne a zauna mako guda kafin biki a rubuta sunayen waɗanda ba a yarda a tashi ba a ɗauke su da amarya ba. Kakanni su ne a sama, sa'an nan gwaggo da inna da kawu da baffa, da uwar goyo, da wadda ta yi wa amarya wanka, da malamar da ta koya mata karatu in ta zo, da dangin da suka taso daga nesa. Uwar amarya takan ɓuya saboda kunya, musamman in 'yar fari ce, to, a lallashe ta a ɗauke su a cikin ɗaki su biyu, ba sai a gaban jama'a ba. Haka a gefen ango. Sa'an nan a ware yarinya guda mai wayo wadda ta san dangi, ba ta cikin ƙawayen da za su shagala da rawa, a ba ta takardar, aikinta ke nan ranar: ta riƙe mai hoto ta kai shi wurin kowa, tana sokewa da fensir. Tsofaffi kuma a fara da su da wuri, kafin su gaji su kishingiɗa.

A ce masa kuma ya ɗauki aikin hannu. Zanen lalle kwana kaɗan yake yi ya goge, kitso ma haka. Wani mai hoto ɗan Nijeriya, J. D. 'Okhai Ojeikere, ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, ya tara wajen hoto dubu kafin rasuwarsa a 2014, kuma saboda shi ne ake iya ganin irin kitson da yanzu ba mai yin sa. Jeren ɗakin amarya ma a ɗauka kafin a fara taɓa shi. Wahalar uwa ce ta shekara da shekaru a jere a wurin.

In aiki ya zo hannu, saura adana shi. Kada ki yarda a turo miki hotuna ta WhatsApp kawai a ce an gama, domin yakan matse hoto ya rage masa ƙarfi, ranar da kika so a wanke babba na bango sai ya fito dishi-dishi. Ki kai filashi sabo a zuba miki na asali, ki kwafe a wuri biyu, ɗaya a ɗakinki ɗaya a gidanku. Waya takan faɗa ruwa, akan sace ta, yaro yakan goge abin da ke ciki. Na'ura kuma yayi gare ta. Iyayenmu da yawa bikinsu yana cikin kaset ɗin bidiyo, ga kaset a akwati amma ba abin kunna shi, domin kamfani na ƙarshe da ke ƙera injin, wani kamfanin Japan mai suna Funai, ya daina tun 2016. Faifan CD ma ga shi nan yana bin sawu, yawancin sababbin kwamfutoci ba su da wurin sa shi. Hoton takarda kuwa ba ya bukatar wuta ko batir, ido kawai. Saboda haka ko kuɗi sun yi kaɗan a wanke ko guda talatin ne, waɗanda suka fi muhimmanci.

Albam kada a ajiye shi a ƙasa ko a jingine da bango, saboda danshin damina da kuma gara, ba irin wadda ake kai wa amarya ba, irin mai cin takarda. Na bango kada a rataye shi inda rana ke bugawa, zai koɗe. A bayan kowane hoto a rubuta sunayen mutanen da ke ciki da ranar da aka ɗauka, da fensir mai taushi, domin tawadar biro takan huda ta ɓata fuska.

Ni dai da hutun da ya wuce na ɗauko hoton bikin mahaifiyata, na zaunar da ita muka bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya ina rubutawa. Mata goma sha ɗaya ne a tsaye a bayanta. Ta tuna sunan tara, biyu kuwa ta yi ta kallo ta ce sai dai in an tambayi gwaggo. Na sa hoton a jaka, ranar Asabar in Allah ya kai mu zan je gidan gwaggon.